Sandar kurket: lamba ɗaya da ido ake ba da ita

A Indiya da Pakistan, inda wasan kurket ya fi ƙwallon ƙafa farin jini, sandar bugun ƙwallo haja ce mai lamba, kamar atamfa. Iccen da ya fi daraja, wilo, a Ingila ake shuka shi, musamman yankin Essex. Sai ya shekara 15 zuwa 20 ake sare shi, a tsaga, a busar, a kai Meerut, Jalandhar ko Sialkot a sassaƙa.

To yaya ake ba da lambar? Da ido. In layukan jikin iccen sun miƙe sambal, fuskar fari tas babu tabo, lamba ɗaya ce. Tabo ko kulli ya bayyana, ta faɗo lamba uku, kuɗi ya zube ƙasa. Alhali tabon bai hana ta tura ƙwallo nesa. Mai layuka rututu ma, da ake rububi, takan riga tsagewa.

Wilon Kashmir ya fi nauyi, ya fi araha. Shi masu koyo ke saye.

Tsofaffin ƴan wasa kuwa sukan jinjina sandar a hannu, su ƙwanƙwasa ta da ƙwallo su ji ƙararta, kana su tambayi kuɗi.