Sabar Gwajin Manhaja a Garin da Wuta Ba Ta da Tabbas

Masu rubuta manhaja sukan ware sabar guda wadda aikinta shi ne gwaji: duk sanda wani ya taɓa layi ɗaya, sai ta harhaɗa manhajar, ta gwada, ta faɗi ko an yi ɓarna. Fitacciya a cikinsu ita ce Jenkins, wadda Kohsuke Kawaguchi ya ƙirƙira a kamfanin Sun da sunan Hudson, aka sauya mata suna a 2011 bayan saɓani da Oracle. An daɗe ana saita ta da hannu, wannan ya latsa nan, wancan ya latsa can, babu wanda ya rubuta abin da ya canza. Wannan al'adar ce ake bari yanzu, kuma matashin da ke koyon sana'ar a unguwar Moduganari ta Maiduguri ya fi takwaransa na Landan dalilin barinta.

Dalili na farko wuta ce. A Janairun 2021 'yan tada ƙayar baya suka rusa turakun layin lantarki na Damaturu zuwa Maiduguri. Aka gyara a Maris, suka sake rusawa cikin kwanaki kaɗan. Tashar gas mai megawat 50 ba ta zo ba sai 2023. Jenkins tana da umarnin safeRestart, wanda ke jiran ayyukan da ke gudana su kammala kafin ta sake tashi. Amma janareton da mai ya ƙare masa ba ya jiran kowa. Aikin da aka gina da tsohon salon latse-latse yakan mutu nan take, alhali wanda aka rubuta a matsayin Pipeline yana iya ɗorawa daga inda ya tsaya. Ambaliyar madatsar Alau a Satumban 2024 ta ƙara nuna haɗarin barin dukan saiti a cikin na'ura ɗaya a ƙarƙashin tebur.

Sai matsalar tsaro. A Janairun 2024 aka gano wata kafa a Jenkins da ke ba ɓarayin intanet damar karanta fayilolin sabar daga nesa. Toshe ta na bukatar sabuntawa da sake kunnawa, kuma wanda bai san abin da ke cikin saitinsa ba yakan ji tsoron taɓa shi, ya yi ta ɗagawa.

Mafita biyu aka bi. Tun 2018 ana iya rubuta saitin Jenkins a fayil ɗin YAML, a ajiye shi a Git, kowane canji da sunan mai shi da ranarsa. Idan sabar ta ƙone, sai a tada wata cikin sa'a guda. Wasu kuma sun koma GitHub Actions, suka huta da kula da na'ura baki ɗaya.

Hanya ta biyun tana da tsada a nan. Abin da ya wuce kason kyauta da dala ake biya, ga yadda naira ta faɗi tun Yunin 2023. Intanet ma yana yankewa: an rufe layukan waya a Borno a Mayun 2013, kuma igiyoyin ƙarƙashin teku sun tsinke a gabar Afirka ta Yamma ranar 14 ga Maris 2024. Rubutaccen saiti shi ne ya fi dacewa da Maiduguri, domin yana aiki ko sabar na ofis ko tana ƙasar waje. Ya kamata malaman kwamfuta a Jami'ar Maiduguri da Ramat Polytechnic su sa shi cikin abin da ɗalibi zai iya kafin ya karɓi takardarsa.