Garin Laushin Nama: Me Ke Cikinsa, Kuma Ina Ainihin Haɗarin Yake?

 Yau kicin za mu leƙa, domin da yawanku kun tambaye ni game da garin nan na kanti da ake barbaɗa wa nama ya yi laushi. Wai guba ne?

To, na gaskiyar ba guba ba ne. Abin da ke aiki a cikinsa wani sinadari ne, fafayin, da ake samu daga farin ruwan ɗanyar gwanda. Wani kuma daga abarba ake haɗa shi. Yana tsinka zaren nama ne ya rage masa tauri. Hikimar iyayenmu ce ta naɗe nama a ganyen gwanda, aka mayar gari aka zuba a roba.

Amma ku juya robar ku karanta. Galibi gishiri ne a sahun farko, ma'ana shi ya fi yawa. Ka barbaɗa garin, ka sa gishiri, ka murza dunƙule uku. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ƙasa da giram 5 na gishiri ta ce babba ya ci a rana, wajen ƙaramin cokali ɗaya ke nan. Mai hawan jini a gidanku fa? Don haka in za ku yi amfani da shi, ku rage sauran. Wanda aka ƙulla a leda kuma, ba suna, ba lambar NAFDAC, ba ranar lalacewa, ku bar wa mai shi kayansa.

Abin da ya fi ɗaga min hankali shi ne masu jefa farasitamol a tukunya don ganda ko ƙafar sa ta nuna da wuri, a rage gawayi. Jama'a, magani ne fa mai ƙa'ida! In ya yi yawa hanta yake lalatawa, kuma mai cin abincin bai san nawa ya shiga cikinsa ba. Kuɗin gawayin da aka rage, wani ne zai biya shi a asibiti.

Alhali ga hanyoyi masu sauƙi. A gurza ɗanyar gwanda, kamar cokali biyu a kilo ɗaya, a cuɗe a bari na awa guda. Ɗanyar abarba ma haka, sai dai kada ta daɗe, naman zai dagargaje. Ta gwangwani ba ta yi, don zafi ya riga ya kashe sinadarin. Ɗanyar citta tana taimakawa. Kindirmo yana so a kwana, amma a firiji. In ba wuta, kada ku gwada. Wajen yanka, a gitta wuƙa a kan zaren naman, ba a bi tsawonsa ba. Nama mai jijiya kuwa, ƙaramar wuta da lokaci yake so, ko tukunyar firesha. Kanwa ma tana yi, amma ɗan mitsitsi, don tana kashe wasu sinadaran bitamin.

Mu matasa mu ne muka fi cin abincin waje, mu ne kuma ke buɗe sana'ar abinci. In kana sayarwa, amana ce a hannunka. In kina saye, tambaya ba rashin kunya ba ce. Ku tura wa mai girki a gidanku, ku rubuto mana yadda ake yi a garinku. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.