Tailan: abincin da matafiyi ya kamata ya ɗanɗana, da wanda zai yi hattara da shi

Ƴan kasuwarmu da ke zuwa Bankok sarin tufafi a kasuwar Pratunam, da masu kai marasa lafiya asibiti, da yawansu sukan gama kwanakinsu a gidajen abincin Larabawa na unguwar Nana, su dawo gida ba su san ɗanɗanon girkin ƙasar ba. Tsoron naman alade ne ke hana su, kuma tsoron yana da dalili. Sai dai akwai hanyar da mutum zai ci ya ƙoshi hankalinsa kwance.

Wanda ya fi dacewa a fara da shi shi ne massaman, miya mai kauri da ake yi da madarar kwakwa, da dankalin Turawa, da albasa, da gujiya, da naman kaza ko na sa. Masana da dama na ganin sunan ya samo asali ne daga kalmar "Musulmi", domin girkin ya shigo ne ta hannun fataken Musulmi da suka riƙa zuwa ƙasar tun tana amsa sunan Siyam. Kirfa da kanumfarin da ke ciki ba baƙi ba ne a hancin Bahaushe, yajinta kuma ba ya tayar da hankali. A 2011 tashar CNN ta sa ta a matsayi na farko cikin jerin abinci 50 mafiya daɗi a duniya. Ɗan'uwanta a girkin Musulmin ƙasar shi ne khao mok kai, shinkafa ruwan ɗorawa da aka dafa da kurkum da kaza, mai kama da wadda alhazai suka saba ci a Makka.

Pad thai kuwa, wanda duniya ta fi sani, bai tsufa kamar yadda ake zato ba. Gwamnatin Firaminista Plaek Phibunsongkhram, wanda a zamaninsa aka sauya sunan ƙasar zuwa Tailan a 1939, ita ta tallata shi ga jama'a. Taliyar shinkafa ce ake soyawa da ƙwai, da awara, da jatan lande, da ruwan tsamiya, a barbaɗa dakakkiyar gujiya a kai. Wanda gujiya ba ta karɓe shi ba ya faɗa tun kafin a zuba.

Mai son yaji ya nemi tom yum kung, romon jatan lande mai tsami da zafi, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin al'adun gado na duniya a Disamban 2024. Ga kuma som tam na yankin Isan a arewa maso gabas: ɗanyar gwanda ce ake yankawa siri-siri a kirɓa a turmi da barkono, da tafarnuwa, da lemun tsami. Kwaɗo ne, a taƙaice. Wasu na zuba masa pla ra, kifin da aka jiƙa da gishiri ya yi watanni. Warinsa na korar Turawa, amma wanda ya tashi da daddawa a miyar kuka ba zai ga abin gudu ba. Barkonon dai kada a raina shi. Ko Bamaradin da ke alfahari da cin yaji ya koyi cewa "mai phet", wato banda yaji.

Inda hattara ta zama dole shi ne a bakin titi. Pad kaphrao, suyar niƙaƙƙen nama da ganye mai kama da ɗoɗɗoya, abincin rana ne na ma'aikatan birni, kuma galibi da alade ake yin sa. Sunan alade a yarensu "mu", kaza "kai". Amma cewa a sa maka kaza bai wadatar ba, tunda kasko ɗaya ake suya, romon taliya sau da yawa da ƙashin alade ake dafa shi, wata taliyar ma har jini ake zuba mata. Abin dogaro shi ne koren tambarin halal na Majalisar Ƙoli ta Musulunci ta Tailan, ko rumfar da ke kusa da masallaci inda mai tuya ke sanye da hijabi. Musulmi sun kai kimanin kashi 5 cikin 100 na al'ummar ƙasar, kuma Bankok na da masallatai da yawa, don haka neman ba ya wahala. Faranti a irin waɗannan rumfuna yakan kama wajen baht 60, kusan jika guda a kuɗinmu.

Wanda tafiya ta kai shi Chiang Mai a arewa ya tambayi khao soi, taliya cikin miyar kwakwa da ake dangantawa da fataken Musulmi daga kudancin Sin. Idan kuma zuwan ya dace da Afrilu ko Mayu, lokacin mangwaro ke nan, sai a rufe da khao niao mamuang: shinkafa mai danƙo da aka jiƙa da madarar kwakwa da sukari, a ajiye nunannen mangwaro a gefe.