2.4 Horar da Malamai Domin Kula da Yara Masu Larurar Gani

A wannan sashe za a yi bayani ne a kan irin horon da ya kamata malami ya samu kafin a danƙa masa yaro mai larurar gani. Irin waɗannan yara sun kasu gida biyu: akwai makaho wanda ba ya gani sam, akwai kuma mai raunin gani wanda yake gani dishi-dishi. Na biyun ya fi shiga matsala, domin sau da yawa akan ɗauke shi daƙiƙi alhali allo ne ba ya gani.

A Nijeriya, mishan ne suka buɗe makarantar makafi ta Gindiri a shekarar 1953. Daga baya Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi ilimi na musamman, kuma a shekarar ce aka kafa kwalejin horar da malaman wannan fanni a Oyo. Haka kuma akwai sashen wannan ilimi a Jami'ar Jos da Jami'ar Bayero ta Kano.

Horon ya ƙunshi abubuwa kamar haka:

(a) Gane alamomi, wato yaro ya riƙa kai littafi dab da ido, ko yawan murza ido, ko tuntuɓe da almuru, wanda alama ce ta dundumi. A nan aikin malami shi ne ya tura yaron asibiti.

(b) Iya rubutun makafi wanda Louis Braille, mutumin Faransa, ya ƙirƙiro a 1824. Ɗigo shida ne ake sarrafawa su ba da alamomi 63, yaro yana karanta su da yatsa.

(c) Koyarwa ta hanyar ji da taɓawa. Misali, malami ya faɗi duk abin da yake rubutawa a allo, ya kuma koyar da ƙidaya da tsakuwa ko ƙwallon dabino.

(d) Koya wa yaro tafiya da sanda, domin ya je aji da makewayi ba tare da ɗan jagora ba.

Bisa ga wannan bayani, za a ga cewa malamin firamare ne ya fi buƙatar horon, domin shi yaro yake fara haɗuwa da shi. In bai iya riƙe shi ba, iyaye sukan cire shi daga makaranta, ƙarshenta ya faɗa bara.