Tara Kafin Ka Raba: Darasin Lissafi Daga Tafkin Kainji

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a shekarar 1968, kamun kifi ya zama abin dogaron dubban magidanta a ƙasar Yawuri, kama daga Yelwa har zuwa Wara, hedikwatar ƙaramar hukumar Ngaski. A shekarar 1993 gwamnatocin Nijeriya da Jamus suka fara wani shiri na haɗin gwiwa domin kyautata sana'ar su a tafkin. Ma'aikata sun riƙa bin ƙauyukan masunta suna auna kifin da aka sauke, suna rubutawa. A ƙarshen shekarun 1990 aka hana su da dala, wato babban tarun nan mai ƙananan idanu da ake kama warangi da shi, saboda yakan haɗa da 'ya'yan manyan kifaye tun ba su girma ba.

Hukunci irin wannan yana taɓa abincin iyali, don haka wajibi ne lissafin da aka gina shi a kai ya zama daidai. Akwai kuwa wani tarko da ke kama masu lissafi har a yau da ake aiki da manhajojin nazarin alƙaluma, irin su Power BI da Tableau.

Bari mu buga misali. A ce a wani babban wurin sauke kifi an auna kilo 900, aka sami kilo 90 na 'ya'yan kifi a ciki, wato kashi 10 cikin 100. A wani ƙaramin wuri kuma an auna kilo 100, aka sami kilo 50, wato kashi 50 cikin 100. To, kashi nawa ne a wuraren biyu gaba ɗaya?

Mai gaggawa zai haɗa 10 da 50 ya raba biyu, ya ce kashi 30. Amma in muka tara 'ya'yan kifin, 90 da 50 sun ba da 140. Dukkan kifin kuwa, 900 da 100 sun ba da 1,000. Raba 140 da 1,000, ka ninka da 100, sai ga kashi 14 kacal. Amsar farko ta haura ninki biyu na gaskiya, domin ta ba ƙaramin wurin nauyi ɗaya da babban, alhali kashi 90 cikin 100 na kifin a babban aka sauke shi.

Ta yaya na'ura mai ƙwaƙwalwa ke faɗawa wannan kuskure? Manhajar tana jera bayanai cikin jadawali, kowane wuri da layinsa. Idan ka umarce ta ta fitar da kashi a kowane layi, sannan ka nemi jimla a ƙasa, za ta tara kason ta ba ka 60, ko ta ɗauki matsakaicinsu ta ba ka 30. Laifin ba nata ba ne. Abin da aka sa ta shi ta yi. Hanyar da ta dace ita ce ka umarce ta ta tara rukunin 'ya'yan kifi daban, ta tara na dukkan kifi daban, sa'annan ta raba na farko da na biyu. Matsakaicin kaso ba ya dacewa da gaskiya sai fa idan wuraren sun yi kunnen doki a yawan kifin da aka auna, ko kuwa kason nasu iri ɗaya ne.

Malamai ma su lura wajen haɗa sakamakon jarrabawa. Ɗalibai, ga aikin gida: aji mai mutum 60, 30 suka ci, aji mai mutum 20, 18 suka ci. Kashi nawa ne suka ci a makarantar? Duk wanda ya sami 70, ya koma ya tara kafin ya raba.