Gumakan Nok a Kasuwar Bayan Fage: Abin da Ake Faɗa a Jos da Abin da Yake Gaskiya

Shekaru da dama ke nan ana cinikin tsofaffin gumakan yumɓu a ɓoye tsakanin Jos, Kaduna da Abuja. Dillali zai nuna hoton wani kai a waya, mai idanu kamar kusurwa uku da ɗan rami a tsakiyar kowane ido, da kitso a dunƙule, ya ce na Nok ne, ya haura shekara dubu biyu, wani Bature na jira da daloli. Maganganun da ke tafiya da wannan ciniki wasu gaskiya ne, wasu rabi da rabi, wasu kuwa tarko ne. Ga su ɗaya bayan ɗaya.

"A Jos aka fara gano su."

Rabin gaskiya. Nok ƙauye ne a Ƙaramar Hukumar Jaba ta Jihar Kaduna, kuma a can masu haƙar kuza suka tono gunki na farko a 1928. Amma a Jos aka gane darajarsu. Wajen 1943 aka kawo wa Bernard Fagg, wani jami'in mulkin mallaka da ya karanci ilimin tono tarihi, wani kai da aka samu kusa da Jama'a, wanda har an taɓa kafa shi a gonar doya don korar tsuntsaye. Ya lura da kamanninsa da na Nok, ya roƙi ma'aikatan kuza su riƙa ajiye abin da suka tono. Wannan tarin na cikin abin da ya haifar da Gidan Tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952.

"Sun girmi shekara dubu biyu."

Gaskiya ne, idan na asali ne. Masana daga Jami'ar Goethe ta Frankfurt a Jamus, ƙarƙashin Peter Breunig, sun fara aiki a yankin a 2005 tare da hukumar gidajen tarihi ta Najeriya. Bincikensu ya nuna al'ummar Nok ta fara ne wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), gumakan kuma suka bayyana wajen shekara 900 kafin haihuwarsa. Sai dai tsufan al'ummar bai tabbatar da tsufan abin da ke cikin jakar dillali ba.

"Wanda yake cikakke, babu karaya, shi ne na gaske."

Ƙarya ce, kuma a nan ake yawan cin mutane. Kusan duk abin da masana suka tono da hannunsu a farfashe yake: kai daban, hannu daban, guntun ƙirji a wani ramin. Alamu sun nuna mutanen Nok da kansu suke fasa su kafin su binne. Don haka gunkin da ya zo tsaye cur daga kai har ƙafa shi ya fi cancantar tuhuma. Masu haɗa jabu kan tattaro gutsattsarin gumaka daban-daban, su liƙa su da gam, su cike giɓi da garin tsingaro da sabon yumɓu, sannan su shafe shi da jar ƙasa. Sau da yawa ido ba ya ganin wurin haɗin, sai hoton na'urar sikanin irin ta asibiti.

"Ai da takardar gwaji daga Turai."

Akwai gwajin, amma iyakarsa kaɗan ce. Ana huda ɗan rami a jikin gunkin, a ɗebi gari, a auna lokacin da aka gasa yumɓun a wuta. Abin da sakamakon ke faɗa shi ne shekarun wurin da aka huda, ba na gunkin gaba ɗaya ba. Idan aka ɗebi garin daga tsohon gindi da aka ɗora wa sabon kai, takarda za ta fito da shekara dubu biyu. Ba ta kuma faɗin inda aka tono shi, ko ta halal ya fita.

Irin wannan ruɗin tsoho ne a kasuwar gogen Turawa. Antonio Stradivari, maƙerin goge na garin Cremona a Italiya, ya rasu a 1737, kuma kayan kiɗansa da suka rage ba su wuce kimanin 650 ba. Amma a ƙarni na 19 masana'antu a Jamus da Faransa sun liƙa sunansa a cikin dubban goguna masu araha. Har yau mutane na leƙa cikin gogen kakansu su ga sunan, su ɗauka sun yi arziki. Manyan 'yan kasuwar goge ba sa tsayawa ga wannan tambarin. Aikin katakon suke dubawa, da jerin hannayen da gogen ya bi. Sayen abin tarihi da ba a san asalinsa ba cinikin biri a sama ne, a Cremona ko a Jos.

"Abin da na tono a gonata nawa ne, in ga dama in sayar."

Doka ba ta yarda ba. Dokar soja mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, ta hana saye ko sayar da kayan tarihi sai ta hannun wakilin da aka amince da shi, ta kuma hana fitar da su waje ba da izini ba. A 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sanya gumakan Nok, da na Sakkwato da Katsina, cikin jerin kayan Afirka da ta gargaɗi kowa kada ya saya.

"Har daga gidan tarihi ake sato su."

Abin takaici, wannan ya faru. A watan Janairun 1987 ɓarayi sun shiga Gidan Tarihi na Jos suka kwashe kayayyaki masu daraja, ciki har da wani kan tagulla na Ife, wanda ya sake ɓulla a Ingila a 2017 lokacin da aka kai shi gwanjo. Duk wanda aka yi wa tayin kaya da sunan "daga gidan tarihi ya fito", to kayan sata ake tallata masa, ko kuma jabu.

"Da zarar ya tsallaka Turai, magana ta ƙare."

Ba haka ba ne. A 2000 an yi ce-ce-ku-ce da Faransa ta baje gumakan Nok a gidan tarihi na Louvre, waɗanda ta saya daga wani dillali a Beljiyam. A 2002 ta amince cewa mallakar Najeriya ne, ta riƙe su a matsayin aro na shekara 25. A 2012 kuma hukumomin Amurka sun mayar wa Najeriya gumakan Nok da aka kama. Mai saye na iya rasa kayan da kuɗinsa gaba ɗaya.

Babbar asarar ba ta aljihun mai saye ba ce. Tun daga shekarun 1990, da haƙa ta yi ƙamari, an burkita wuraren Nok masu yawan gaske. Gawayin da ake auna shekaru da shi, da tukwane, da ƙwayar geron da ke nuna abin da mutanen suka ci, duk ana watsar da su don a ciro kai guda. Mai haƙar ya karɓi ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, riba ta tafi ga dillalan waje, ilimin kuma ya ɓace har abada.

Wanda garmarsa ta ci karo da irin wannan abu, ya bar shi a inda yake, kada ya wanke ko ya kankare shi, ya sanar da mai unguwa ko hakimi, a kai labari Gidan Tarihi na Jos ko na Kaduna. Wanda kuma aka kawo wa tayi, ya tambayi abu biyu: daga ina aka tono shi, kuma ina izinin hukuma? Idan babu amsa, ya riƙe kuɗinsa.