Kafeyin da rage nauyi cikin gaggawa: abin da masu gina jiki ya kamata su sani

A watan Oktoba na 1992, Mohammed Benaziza, haifaffen Aljeriya da ya yi suna a wasan gina jiki, ya ci gasa a ƙasar Holan. Bayan ƴan awoyi ya rasu, yana da shekara 33. An danganta rasuwarsa da busar da jiki da shan maganin sa fitsari. Mun ɗauko labarin ne don samarinmu ma sun rungumi ɗaga ƙarfe, a Yamai, a Maraɗi, har a Damagaram, inda Aïcha Macky ta nuna su a fim ɗinta na 2021. Abin da manyan ƴan wasa ke yi, a waya yaranmu ke ganinsa, su kwaikwaya.

A gasar gina jiki ana so kowace jijiya ta fito raɗau, wani rukunin kuma yana da iyakar kilo. Shi ya sa a satin ƙarshe ɗan wasa ke rage cin shinkafa da taliya, ya rage gishiri, ya daina shan ruwa, ya sa rigar leda don ya yi zufa. Sikeli zai nuna kilo ya sauka, amma yawancin abin da ya fita ruwa ne. Sukarin da jiki ke ajiyewa a tsoka, kowane giram ɗinsa na riƙe da ruwa kamar giram 3. Ran da aka koma ci da sha, nauyin ya dawo.

To, ina kafeyin ya shigo? Shi ne sinadarin da ke hana barci a shayi, a kafe, a goro, da lemukan ƙara kuzari. Mai yunwa da ƙishirwa ba shi da ƙarfin atisaye, sai ya nemi kafeyin ya tashe shi. Gaskiya ne yana ƙara kuzari, kuma tun 2004 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta cire shi daga jerin abubuwan da ta haramta. Maganin sa fitsari kuwa har yau haramun ne a gasa.

Hatsarin yana wajen haɗuwar biyun. In ruwa ya ragu, jini na raguwa, zuciya ta ƙara gudu don ta kai shi ko'ina. Gishirin jini, irin su fotasiyam, da shi zuciya ke daidaita bugunta, kuma yana bin zufa da fitsari ya fita. A wannan hali kafeyin ke ƙara zaburar da ita, ya kuma ɓoye gajiyar da ya kamata ta tsayar da mutum. A zafin Afrilu da Mayu, sa'ad da muke wuce digiri 40, abin ya fi muni. Ƙoda ma tana shan wuya.

Hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ta ce babba mai lafiya kada ya wuce miligiram 400 a yini, ko 200 a sha ɗaya. Gwangwanin Red Bull na mililita 250 yana da 80. Garin kafeyin zalla kuwa, hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ce ƙaramin cokali ɗaya ya kai kofin kafe wajen 28, kuma ya kashe mutane.

Mai son rage ƙiba, rabin kilo zuwa kilo ɗaya a sati ya ishe shi, yana ci yana shan ruwa. Iyaye da ƴan uwa da ke waje, kafin ku aiko da gwangwanin garin ƙarin ƙarfi, ku duba yawan kafeyin da aka rubuta a jikinsa. In kuwa yaro ya ce gabansa na faɗuwa, ko jiri na ɗibarsa, ko jijiya ta ɗaure masa, ko fitsarinsa ya ragu ya yi ja, a kai shi inuwa, a ba shi ruwa in yana cikin hayyacinsa, a wuce da shi likita nan take. Allah ya kare mana samarinmu.